Tsibiri Biyar Cikin Kwana Shida: To Yaushe Za A Ci Amarcin?

Tun da yawon amarci ya shiga tsarin bikin masu hali, 'yan rabbana ka wadata mu ma suka fara leƙe, akwai wata talla da ta ishe ni a Instagram da WhatsApp. Za ka ga hoton ruwa garai-garai, da farin yashi, da ɗakin katako tsaye a kan teku, a ƙasa an rubuta: tsibiri biyar cikin kwana shida, ango da amarya, farashi mai rahusa. Sai ango ya ƙirga tsibiran da yatsu ya ga kamar ya tsinci dami a kala, tunda wani ɗan ejan ɗin tsibiri biyu kacal ya yi masa alkawari a kan kuɗi ɗaya. Nan take ya tura kafin alƙalami, amarya kuma ta shelanta wa ƙawaye. Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda ake tashi daga tsibiri na farko zuwa na biyu, da ƙarfe nawa, a cikin me, kuma wa zai biya.

Abin da ake nufi da irin wannan yawo ba ya bukatar dogon bayani. Ma'aurata ne za su je ƙasar da ke da tsibirai da yawa a yankin zafi, su kwana nan su tashi su kwana can. Ba laifi ba ne, halal ne, kuma wanda Allah ya hore wa ya je ya ga ikon Allah. Inda gizo ke saƙar shi ne zaton da ake yi cewa yawan tsibirai shi ne yawan daɗi, kuma wai tsibiran nan a jere suke, ka fito daga wannan ka taka ka shiga wancan.

Mu ɗauki Maldibs, tunda ita ce ta fi cika bakin 'yan tallar. Ƙasa ce a tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka, mai tsibirai kusan 1,190 da suka kasu rukuni 26, amma waɗanda mutanen ƙasar ke zaune a kai ba su haura 200 ba. A taswirar waya ɗigo-ɗigo ne kusa da juna. A zahiri kuwa daga ƙarshenta na arewa zuwa na kudu ya haura kilomita 800, kusan nisan Kano da Legas in a jirgin sama ne, kuma kusan duk abin da ke tsakani ruwa ne. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Babban filin jirgin saman ƙasar, Velana, yana kan tsibirin Hulhule, daf da babban birni Male, kuma a 2018 aka buɗe gadar da ta haɗa su. Iyakar inda mota za ta yi maka amfani ke nan. Daga nan sai ɗayan huɗu: jirgin fito na gwamnati, ko jirgin ruwa mai gudu, ko ƙaramin jirgin sama na cikin gida, ko kuma jirgin saman nan mai sauka a kan ruwa, wanda kowace amarya ke son ta yi hoto a jikinsa. Kowannensu da nasa sharaɗin, kuma ɗan ejan ba zai rubuta maka shi a ƙarƙashin hoto ba.

Mai sauka a kan ruwan da rana kawai yake tashi. In jirginku daga Doha ko Istambul ya sauka da yamma liƙis, ko ya yi latti, to daren farko a wani otal kusa da filin jirgi za ku yi shi, ɗakin da kuka biya maƙudan kuɗi yana can babu kowa a ciki. Ba shi da tsayayyen lokaci irin na manyan jirage, sai ana gobe tafiya ake sanar da ku, kuma yakan biya ta wasu tsibiran ya sauke mutane kafin ya kai ku. Kaya kilo 20 aka saba yarje wa mutum ɗaya, da ƙaramar jaka ta hannu, abin da ya ɗora a kai sai an biya. Amaryar da ta ciko akwati biyu daga cikin lefe ta ji wannan da kyau. Kuɗin kujerarsa zuwa da dawowa ɗaruruwan daloli ne ga mutum guda, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin ɗaki. Jirgin fito na gwamnati kuwa arha ne ƙwarai, 'yan daloli kaɗan, amma a hankali yake tafiya, wasu hanyoyin ba kullum yake bi ba, ran Juma'a kuma galibinsu hutu suke yi, don ƙasar Musulmi ce. Sannan ba ya kai mutum manyan otal-otal ɗin da kowanne ke da tsibirinsa shi kaɗai.

Ga babban abin da ke rusa lissafin. A mafi yawan lokuta babu hanya kai tsaye daga wani otal zuwa wani. Sai ka komo filin jirgi na Male, ka zauna jira, sannan masu otal na biyu su ɗauke ka. Ka fita daga ɗaki kafin sha biyun rana, ba za a ba ka na gaba ba sai wajen ƙarfe biyu, in ma ka iso da wuri ke nan. To malam ango, ɗauki biro. Ranar farko ta isowa ce. Ta shida ta komawa ce. Tsibiri biyar na bukatar ƙaura huɗu, kuma kwana huɗu ne suka rage a tsakiya. Ke nan babu rana ko ɗaya cikin shidan da ba a ɗaure akwati ba. Kullum ana tashin yarinyar mutane da sassafe, ana "yi sauri kar jirgi ya tafi", ana neman cazar waya a ƙarƙashin gado. Kuma yarinyar nan ta fito ne daga mako guda na kamu da sa lalle da walima da kai amarya, ba ta yi barcin kirki ba, ta sha kukan rabuwa da gida, ga shi an kwaso ta tafiyar da ta cinye yini da dare, agogo ma ya tsere mata da awa huɗu. Wannan ba amarci ba ne, fatauci ne. Mutum biyu da ba su gama sanin halin juna ba, ga gajiya, ga yunwa, ga jirin teku, wallahi ba a rasa cacar baki kafin tsibiri na uku.

Wani zai ce ai shi abokinsa ya je tsibiri biyar kuma ya dawo lafiya. A bincika. Galibi a wuri ɗaya ya kwana, aka riƙa fita da su da hantsi ana dawowa da la'asar, kuma cikin biyar ɗin har da tudun yashin da ruwa ke rufewa in ya cika. Wannan ai shi ne daidai, kuma shi nake kira a yi. Amma a faɗa wa mai saye gaskiya tun farko, ya san abin da ya biya.

Sai batun yanayi. Jama'a na ɗauka cewa ƙasar zafi kullum rana ce. Maldibs na da daminarta, daga Mayu zuwa wajen Nuwamba, lokacin da iskar kudu maso yamma ke kaɗawa, teku ya yi fushi, a soke tashin ƙananan jirage ba tare da neman afuwar kowa ba. Farashin da ka ga ya faɗi warwas a Yuni ko Yuli, dalilinsa ke nan. Wanda ke zaune wuri ɗaya, in an yi ruwa sai ya ja labule ya sha shayi da matarsa. Wanda ya jera tsibirai kuwa, soke jirgi ɗaya ya isa ya rushe masa dukan sauran. Daga Disamba zuwa Afrilu sarari ne, amma ƙarshen Disamba, daidai lokacin da bukukuwanmu suka fi yawa, shi ne mafi tsada a duk shekara. Ba Maldibs kaɗai ba, Zanzibar ma nata babban ruwan daga Maris zuwa Mayu ne. A Seshels tafiyar awa ɗaya ce a jirgin ruwa daga tsibirin Mahe zuwa na Praslin, amma daga Mayu zuwa Oktoba ma'aikatan jirgin ba sa rabo da raba ledar amai.

Kada kuma a raina teku. A Satumbar 2011 jirgin Spice Islander ya nitse tsakanin Unguja da Pemba a Zanzibar saboda an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ɗaruruwan mutane suka rasu, kuma a Yulin 2012 wani jirgin, Skagit, ya bi sahu a hanyarsa daga Darussalam. Akasarinmu 'yan tudu ne, ba mu iya ruwa ba. Duk jirgin da ka shiga, ka nemi rigar da ke hana nitsewa, ka sa, ka sa wa matarka, ko da za ta ɓata hoto. Wanda ka ga an cusa mutane fiye da kujerunsa, sauka ka jira na gaba. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

To yaya za a tsara? In kwana bakwai ne, wuri biyu ya isa, kuma ko ɗaya ne ba a yi asara ba. Kada a ƙara na uku sai tafiyar ta kai kwana goma. Kowane wuri a ba shi aƙalla dare uku. A zaɓi tsibiran da ke rukuni ɗaya, ko waɗanda jirgin ruwa mai gudu ke kaiwa daga filin jirgi cikin ƙasa da awa guda, don shi ko da dare yana aiki. A fara da mai arha a ƙare da mai tsada, saboda zuciya ba ta son saukowa daga bene. Daren ƙarshe kuma a yi shi kusa da Male, in tashin jirgin gida na safe ne.

Mai arhar ma akwai shi, ko da yake 'yan talla ba sa son ambatonsa. Tun da aka buɗe otal na farko, Kurumba, a 1972, baƙi a keɓaɓɓun tsibirai ake ajiye su, nesa da 'yan ƙasa. A 2009 aka sassauta doka, mutanen gari suka sami damar buɗe masaukai a tsibiransu. Maafushi, wadda ba ta da nisa da Male, ita ta yi fice a wannan. A irin waɗannan garuruwa babu giya, babu naman alade, akwai masallaci da kiran salla, kuma mace mai hijabi ba baƙuwar ido ba ce. A manyan otal-otal kuwa ana sayar da giya, shigar baƙi ma sai a kau da kai. Mai son matarsa ta shiga ruwa cikin sirri ya nemi ɗaki mai wurin ninƙaya nasa na kansa, ya kuma tambayi yadda ake dafa nama tun kafin ya biya. Dare huɗu a garin mutane, uku a ɗakin kan ruwa, an ga rayuwa an kuma yi hoton. Af, alƙibla a can ba gabas take ba, arewa maso yamma ake fuskanta, kada sabo ya sa a yi kwana bakwai ana ba Ka'aba baya.

Wanda ya zauna cikin mutanen gari zai ma iya ganin wani abu da ya shafe mu. Kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, mai yawa daga cikinsa daga waɗannan tsibirai aka samo shi, ya ratso duniya kafin ya iso ƙasar Hausa. Ibn Batuta, wanda ya yi alƙalanci a Male wajen 1343, ya ba da labarin yadda suke tara shi. Mai gudun cika tsibiri biyar ba shi da lokacin jin wannan.

Kuɗi kuma a yi musu lissafin gaskiya. Farashin da ake nunawa sau da yawa bai haɗa da haraji ba. Akwai kashi 10 cikin 100 na hidima, akwai harajin yawon buɗe ido da ya koma kashi 17 a Yulin 2025, ga harajin muhalli da aka ninka a farkon shekarar ya zama dala 12 ga kowane mutum a kowane dare a manyan otal-otal. A tsibirin da otal ɗaya ne kacal babu mai shayi, babu kanti a bayan layi, ko ruwan sha a farashinsu za ka saya, don haka tsarin da ya haɗa da abinci sau uku ya fi kwanciyar hankali. Ka sa ɗan ejan ya rubuta maka, baƙi a kan fari, sunan kowane masauki, da irin jirgin da zai kai ku, da wanda zai ɗauki asara in an soke tafiya. Sannan ka aika wa otal ɗin wasiƙa da kanka ka tabbatar sunanka na cikin littafinsu. Wanda kuwa zai ci bashi, ko ya taɓa kuɗin hayar gida, don ƙawayen amarya su ga hoto su ce ma sha Allah, ya ji tsoron Allah. Su za su wuce zuwa hoto na gaba, kai za a bari da mai bin bashi a ƙofar gida da amarya a ɗaki babu cefane.

Saura takardu. Maldibs na ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, amma sai ka nuna tikitin komawa da shaidar masauki, ka kuma cike fom ɗin Imuga ta intanet cikin awa 96 kafin isowa. Mai fitowa daga Najeriya ya riƙe katin rigakafin shawara. Zazzaɓin cizon sauro babu shi a ƙasar, amma akwai na dengi, kuma sauronsa da rana yake cizo, sai a tafi da man shafawa. Tanzaniya, wadda Zanzibar ke cikinta, ta sa 'yan Najeriya cikin waɗanda bizarsu ke bukatar izini na musamman tun daga gida, ba a samunta a bakin shiga, kuma tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar dala 44. Seshels ta taƙaita shigar masu fasfon Najeriya a 2023, saboda haka kada a sayi tikitinta sai izinin shiga ya zo hannu. A tafi da takardar shaidar aure, don da ita otal-otal ke ba da rangwamen sababbin ma'aurata. Tikitin amarya kuma a yanke shi da sunan da ke cikin fasfonta, harafi da harafi, ba da sunan ango da ɗoki ya sa aka liƙa mata ba, in ba haka ba tun a filin jirgin Malam Aminu Kano za a dawo da ku gida.