Me Ya Sa Ɗalibi Ke Cin Turanci a Takarda Amma Baki Ya Ƙi Buɗewa?

A jarrabawar WAEC ta Turanci a Najeriya, hatta sashen da ake auna furuci da fensir ake amsa shi. Yaro zai zaɓi A ko B bai ce uffan ba. Shi ya sa za ka ga ɗalibi da kiredit, amma in baƙo ya tambaye shi hanyar tasha da Turanci sai ya shiga kame-kame. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Ayyukan da aka saba ba shi a aji ne ba su taɓa matsa masa ya yi magana ba: malam ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya, a kwafi allo.

A kudancin Indiya, daga 1979 zuwa 1984, wani mai bincike, N. S. Prabhu, ya jagoranci wani gwaji a makarantun Bangalore da wasu garuruwa, inda aka ajiye darasin nahawu aka riƙa ba yara matsalar da za su warware da Turanci. A littafinsa na 1987 ya kasa irin waɗannan ayyuka gida uku: isar da bayani ga wanda ba shi da shi, fitar da amsa ta hanyar tunani, da faɗin ra'ayi. Na tsakiyar ya fi kwanta masa a rai. A miƙa wa yara jadawalin jirgin ƙasa, a ce su gano yadda matafiyi zai isa wani gari kafin dare. Amsar ba ta rubuce a ko'ina, dole su lissafa su kuma kare lissafinsu. Faɗin ra'ayi kuwa, wanda malamanmu suka fi so a ranar muhawara, yana rikita mai ƙarancin kalmomi, don bai san inda zai kama ba. Abin da ke biyo baya mun sani: hadda. Yara biyu su zuba abin da aka rubuta musu, sauran su tafa.

Wata mai binciken kuma, Merrill Swain, ta lura da wani abu a Kanada. Yaran da suka shafe shekaru ana koyar da su da Faransanci, wanda ba harshensu na gida ba ne, suna fahimta sosai, amma maganarsu na cike da kurakuran nahawu. A 1985 ta bayyana cewa sauraro kaɗai bai isa ba. Sai mutum ya yi ƙoƙarin faɗa ne yake gane abin da bai iya ba.

Yadda aka tsara aikin ma yana da tasiri. Pauline Foster da Peter Skehan sun nuna a 1996 cewa minti 10 na shiri kafin magana yana rage in-ina, yana kuma sa ɗalibi ya ƙulla jimloli masu zurfi. Paul Nation ya gwada wata dabara a 1989: ɗalibi ya ba da labari guda a minti 4, ya maimaita shi ga wani abokin a minti 3, sannan ga na uku a minti 2. A zagaye na ƙarshe magana ta fi gudu, tsaye-tsaye sun ragu.

Wannan dabarar ba ta buƙatar lantarki ko littafi, kuma aji mai yara 80 zai iya yin ta lokaci guda, bibbiyu. Ajin zai kaure da hayaniya, don haka gara malam ya sanar da hedimasta tun kafin a fara.