Ƙudurin Sabuwar Shekara: Nasiha Ga Samari Da 'Yan Matan Ƙasar Jahun

Duk sa'ad da shekara ta juya, ko ta Hijira wadda ke kamawa da tsayuwar watan Muharram, ko ta Miladiyya wadda ofisoshi da makarantu ke lissafi da ita, za ka tarar da samari a majalisun shayi na Jahun da Aujara da Harbo, kamar yadda ake tarar da su a Haɗeja da Dutse, kowa yana faɗin abin da ya ƙudura: wannan ya ce bana sai ya koma makaranta, wancan ya ce zai haɗa jari ya rabu da cin bashi, wani ya ce zai sauke Alƙur'ani, wani kuwa ya ce in Allah ya yarda ba za a yi wata kaka bai ajiye iyali ba. Niyyoyi ne kyawawa, kuma babu mai tuhumar masu su da ƙarya, gama ranar da suka furta su har zuci suke nufi. Sai dai sanannen abu ne cewa kafin a yi wata uku akasarinsu sun bi ruwa, har mai niyyar ya wayi gari yana jin nauyin a tuna masa. Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta aikin da ba a yi ba, domin saurayin da ya saɓa wa kansa alkawari bana, ya sake saɓawa baɗi, a hankali yakan yanke ƙauna daga kansa, ya ɗauka shi dai haka aka halicce shi, alhali kuwa abin da ya rasa tsari ne kawai.

Shekaru uku a kan mutum ɗaya

Wajibi ne matashin wannan yanki ya fara sanin cewa shekaru uku ne ke gudana a kansa lokaci guda, kowace da nata hukunci. Ta farko ita ce ta Hijira, wadda aka tsayar da lissafinta a zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, a shekara ta 17 bisa mashhurin zance, aka kuma ɗauki ƙaurar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina a 622 ta zama mafarinta. Kwanakinta 354 ne ko 355, saboda haka takan riga ta Miladiyya ƙarewa da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi da layya ke zagaya damina da hunturu da bazara, shi ya sa kuma watan Cika-ciki na 1447 ya kama a ƙarshen Yuni na 2025, daidai lokacin da manomi ba ya da sukunin zama. Ta biyu ita ce ta Janairu zuwa Disamba, wadda jarrabawa da ɗaukar ɗalibai da albashi ke bi. Ta uku, wadda ta fi kowace iko da aljihun mutumin Jahun, ita ce shekarar noma: shuka da saukar damina wajen Yuni, fargabar ambaliya a Agusta da Satumba, girbi da kaka, sa'an nan masu fadama su shiga noman rani, waɗanda ba su da ita su ɗauki jaka su tafi ci-rani.

Mafi yawan ƙudurorin da ke rushewa, abin da ke rushe su shi ne an ƙulla su ba tare da an duba waɗannan shekaru uku ba. Wanda ya yi niyyar karatun dare na sa'a biyu kullum, bai kuwa tuna cewa a watan Yuli daga gona zai dawo a gajiye ba, ya ɗora wa kansa abin da jiki ba zai ɗauka ba. Wanda kuma ya ce zai fara tari a bazara, bayan kuɗin kaka sun riga sun tafi ga sabuwar waya da ɗinkin biki, ya makara tun bai soma ba.

Manomin alkama na kwarin Haɗeja ya isa abin koyi a nan. Ya san alkama sanyin hunturu take so, ya san in bai shuka tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba ba zafin bazara zai riske ta kafin ta cika ido, don haka tun shinkafar damina tana gona ya tanadi iri, ya duba injin ban-ruwa, ya yi lissafin mai da taki. Ba ya jiran ranar da zai ji yana da nishaɗin aiki, lokaci ne ke kiransa ya amsa. Ko shirin noman alkama na rani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙasar Haɗeja a 2023, cikin Nuwamba aka ƙaddamar da shi saboda wannan dalili. Haka ya kamata kowane ƙuduri ya kasance: da lokacinsa ƙayyadajje, da tanadinsa tun kafin lokacin ya zo.

Abin da malamai suka rigaya suka tsara

Bincikar kai da ɗaura wa rai sharaɗi daɗaɗɗen babi ne a ilmin tarbiyya na Musulunci. Malamin Bagadaza Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a 857, ya sami laƙabinsa ne saboda yawan yi wa ransa hisabi. Imamu Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa mas'alar littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini, inda ya jera matakai shida. Na farko musharaɗa, wato mutum ya kafa wa ransa sharaɗi tun da asuba kan abin da zai aikata da abin da zai bari. Sai muraƙaba, ya yi ta tsaron kansa cikin yini. Sai muhasaba, ya zauna da dare ya ƙidaya riba da hasara. In ya sami gazawa sai mu'aƙaba, ya ladabtar da ran da wani abin da zai ji. Sai mujahada, ya tilasta shi kan alherin da yake gudu. Daga ƙarshe mu'ataba, ya yi masa faɗa da wa'azi. Abin lura ga mai hankali shi ne ma'aunin da malamin ya ɗauka yini ne guda, domin shekara ta yi tsawon da rai zai sami wurin ɓuya a cikinta, ya yi ta cewa gobe, ya yi ta cewa bayan salla, wanda shi ne ciwon da malamai ke kira taswifi, ɗan'uwan dogon buri. Hadisi ingantacce ya kuma karantar da mu cewa ƙaramin aiki mai ɗorewa ya fi soyuwa ga Ubangiji bisa mai yawa da ake yankewa.

Lissafi ma yana gaskata haka. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8. Wanda ya lazimci karanta izu guda kullum bayan sallar Asuba zai sauke cikin wata biyu, kusan sau shida ke nan a shekara, wanda kuma ya haddace sumuni guda kowane mako zai fita shekara da izu shida da rabi a ka. Mai jefa naira 200 a asusu kullum zai fasa ya sami naira 73,000, mai ba littafi rabin sa'a kullum ya tara fiye da sa'a 180. Da haka ne magabata suka ce sannu ba ta hana zuwa.

Kaɗan, bayyanannu, masu rana

Shawarar da ta dace ita ce kada ƙudurorin su wuce uku: ɗaya na addini da hali, ɗaya na ilmi ko sana'a, ɗaya na dukiya ko lafiya, kowane kuma a faɗe shi da lafazin da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. Cewa zan gyara halina fata ne. Cewa ba zan taɓa waya ba daga sallar Isha'i har in yi Asuba a jam'i, wannan ƙuduri ne, domin kowace safiya mutum ya san ko ya cika ko ya saɓa.

Mai neman ilmi a yau ba shi da uzurin nisa irin na iyayensa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 makarantu suka yi ta matsowa kusa: ga kwalejin kimiyyar lafiya a nan cikin Jahun, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, ga ta horon malamai a Gumel. Amma ƙofar kowace da lokacin buɗewarta. Hukumar JAMB takan yi rajista a watannin farko na shekara, ba ta kuma yi wa wanda ba shi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Saboda haka wanda ke son jami'a, aikinsa na farko shi ne ya mallaki lambar nan, ya ware kuɗin rajista tun daga amfanin kaka, ya duba ko akwai darasin da ya faɗi a jarrabawar fita sakandare wanda sai ya sake, sa'an nan ya mai da watannin hunturu, da darensu mai tsawo, lokacin bita. Wanda zuciyarsa ta fi karkata ga sana'a, ko ɗinki ne, ko walda, ko gyaran injin ban-ruwa da na hasken rana waɗanda bukatarsu ke ƙaruwa a fadamu, sai ya zaɓi maigida guda, su yi yarjejeniya a gaban iyaye, ya kuma haƙura da zaman har ya ƙware, gama mai tsalle daga wannan shago zuwa wancan yakan tsufa yana yaron shago.

Batun dukiya kuwa a masussuka ake yanke shi. Dubi saurayin da ya sami buhu goma na shanshera: ranar da aka auna, kuɗi ya fi kowane lokaci saurin fita, ga abokai, ga dillalai a bakin gona, ga farashi a ƙasa saboda kowa ya kawo, in ya sayar duka a ranar, sau da yawa shi ne zai dawo da damina yana auno da tsada. Wanda ya ƙudura tun kafin girbi cewa bayan zakka buhu kaza na gida ne, kaza na iri da taki, kaza kuma ba mai taɓa su sai bazara, ko ya juya wani kaso ya sayi ɗan rago a kasuwar Gujungu ko ta Maigatari ya turke shi har layya, shi ne ke wayar gari da abin da ake kira jari. 'Yan mata da amare sun daɗe da sanin wannan hikima ta hanyar adashi da kiwon awaki, abin da ya rage shi ne a sa wa kwasar suna tun ba a kwasa ba, a ce wannan ta keken ɗinki ce ko ta kuɗin makaranta, don kada ta narke a anko.

Lafiya ma tana cikin amanar da za a tambayi bawa. Wanda ya faɗa shaye-shayen ƙwaya ko maganin tari, ko cacar ƙwallo ta waya, ya sani barin abin ba ya yiwuwa matuƙar yana zaune a majalisar da ake yinsa, saboda haka ƙudurinsa na farko sauya wurin zama ne. Sabon ango kuma ya sa a cikin nasa cewa matarsa ba za ta fasa awon ciki ba, kuma in naƙuda ta zo ba za a jira ta yi tsawo a gida ba. Babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, shaida ne kan abin da jinkiri ke jawo wa mata masu ƙananan shekaru.

In ƙaddara ta gifta

Mutumin bakin kogi ya fi kowa sanin cewa shiri ba ya hana ƙaddara. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kacala ta toshe magudanai da dama, ambaliya irin ta 2022 kuma ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa, ta mayar da lissafin dubban mutane baya. Duk da haka, da ruwan ya janye, mutane suka koma fadama da abin da ya saura a hannunsu. Tawakkali na gaskiya ke nan: a yi sababi iyakar iko, a bar sakamako ga Mai shi, in an faɗi a tashi. Wanda ya tsallake karatunsa kwana uku saboda jinya ko rasuwa ko aikin gona, kada Shaiɗan ya raya masa cewa shekarar ta lalace. Ya ɗora daga inda ya tsaya a rana ta huɗu, in kuma ya ga nauyin ya fi ƙarfinsa ya rage shi, domin ragewa ta fi yankewa.

Abu biyu ke taimakon istiƙama. Na ɗaya rubutu: a sami ɗan littafi, da boko ko da ajami, a rubuta ƙudurorin da ranakunsu, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci a buɗe a duba. Na biyu shaida: a faɗa wa mutum guda mai amana, malami ko yaya ko aboki nagari, wanda zai tambaya ba tare da izgili ba, a kuma guji shelanta niyya a Facebook da TikTok, inda yabon mutane ke sa rai ya ji kamar ya riga ya gama aikin da bai fara ba, ga kuma haɗarin riya.

Nauyin bai tsaya kan matasa kaɗai ba. Uban da ɗansa ya zo masa da niyyar karatu ko sana'a, ya dace ya yanka masa ɗan fegi a gona ya ce amfaninsa na wannan niyya ne; uwa ta rage wa 'yarta talla a lokacin jarrabawa; limamai su sa wannan babi cikin huɗubar farkon shekara da misalai na zahiri; masu hali kuma su ɗauki yaro ɗaya ko biyu su koya musu abin da suka iya. Samarin nan da 'yan matan nan su ne malaman asibiti da manoma da alƙalan ƙasar Jahun nan da shekaru kaɗan, kuma irin yadda suka koyi cika wa kansu alkawari yau, haka za su cika wa jama'a gobe. Allah ya sa wa shekarunmu albarka, ya ba matasanmu himma da dauriya, ya sa mu cika da imani.