Shirya Furanni a Ƙasar Zafi: Me Ake Koya a Aji?

Mai son koyon shirya furanni yakan shiga aji da tunanin launi: ja kusa da fari, ruwan hoda cikin kore. Malamin da ya san aikinsa kuwa bokiti da wuƙa zai fara miƙa masa. Furen da aka yanko bai mutu ba tukuna. Yana numfashi, yana jan ruwa ta wasu ƙananan jijiyoyi da ke cikin karansa, kuma rabin sana'ar shi ne hana jijiyoyin nan toshewa.

Abu biyu ke toshe su. Na farko iska: da zarar bakin karan ya bushe, iska ta shige, ruwa ya kasa hawa, sai ka ga wardi ya sunkuyar da kai alhali yana tsaye cikin ruwa. Shi ya sa ake sake datse gindin a karkace da wuƙa mai kaifi, a tsoma nan take. Almakashi dakusasshe murƙushe karan yake yi. Na biyu ƙwayoyin cuta, masu yaɗuwa a ruwan da ganye ya ruɓe a ciki. Don haka ana tsige duk ganyen da zai nutse, a wanke tulun, a sa ɗan sukari don ciyar da furen, ɗan tsami don ruwan ya hau da sauƙi, da ɗigon bilic. Kuma ba a ajiye fure kusa da ayaba ko mangwaro nunanne, saboda iskar etilin da suke fitarwa tana tsofar da shi.

A wuri kamar Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, inda 'yan Nijar da Najeriya da yawa ke neman abinci, wannan darasi ya fi ko'ina nauyi. Zafin bazara yakan haura digiri 40, iska busasshiya ce, ruwan sama sai a shekara ba a ga na kirki ba. Wardin kasuwar duniya kuwa ɗan sanyi ne: ana nomansa a gefen tafkin Naivasha na Kenya, a yi gwanjonsa a Aalsmeer ta ƙasar Holan, yana tafe cikin sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 4 ba. Kafin ya iso Sabha daga Tarabulus, akwai tafiyar fiye da kilomita 600 a gabansa. Duk awar da ya yi cikin zafi an rage masa kwana. Ɗalibin Sabha, ko na Kano da Maraɗi, sai ya san furen da ke jurewa, irin su kaneshan da kirisantimam masu iya kai mako biyu, ya kuma san cewa furannin ƙasashe masu zafi, kamar okid, firji mai sanyi sosai lalata su yake.

Sai a zo ga hannu, wanda littafi ko bidiyon YouTube ba ya bayarwa. Ɗaurin furen amarya ana yin sa ne a tafin hannu: kowane kara a ɗora shi a karkace gefe guda, a juya damin, a ƙara wani. Idan ya yi daidai, ka ɗaure ka ajiye a tebur, zai tsaya da ƙafarsa. Idan ka matse da yawa karan ya karye, ka sassauta ya watse, kuma sai malami ya kama yatsunka kafin ka gane tsakiyar. Akwai ƙa'idar cewa tsawon furen ya kai ɗaya da rabi na tulun, amma a ganina wannan ta masu farawa ce. Makarantar Ikenobo ta Kyoto, mai tarihin fiye da shekara 500, takan yi abin kallo da rassa ƙalilan.

Koren soson da ake soka furanni a ciki, Oasis, an ƙirƙiro shi a Ohio ta Amurka a 1954. Ba a danna shi cikin ruwa. A bar shi ya nutse da kansa, in ba haka ba cikinsa ya zauna a bushe. Sai dai roba ce da ba ta ruɓewa, har ƙungiyar lambu ta Ingila, RHS, ta hana amfani da shi a bukukuwanta daga 2021. Malamai da dama sun koma ga ragar wayar kaji da aka dunƙule a bakin tulu, dabarar da Constance Spry, wadda ta shirya furannin naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, take aiki da ita. Ragar nan ba ta da tsada, tana riƙe ganyen dabino mai nauyi, kuma ana wanke ta a ajiye don biki na gaba.