Daga Rufin Kwano Zuwa Akwatin Wuta

 Yau mun nufi yammacin jihar Zamfara, ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, har ƙauyen Yargalma, kuma zancen namu na sola ne.

Duk wanda ya ratsa yankin nan ya ga faifan sola a kan rufin kwano, a masallaci, a shagon cajin waya, a wajen mai ruwan sanyi. Abin farin ciki ne, tunda rana Allah ya hore mana ita. Amma abin da ya tsaya mini a rai wata 'yar waya ce da na gani a wani shago. Tsawonta bai fi kamu biyu ba, kowane baki da filogi. Mai shagon ya soka ɗaya a inbata, ya soka ɗayan a soket ɗin bango. Nan take ƙwai ya kama, fanka ta juya. Na ce, "Malam, in aka kawo Nepa fa?" Ya ce, "Ai sai in zare."

Jama'a, gabana ya faɗi. Wutar da aka tura ta soket ba ta tsayawa a ɗaki. In gidan yana haɗe da layi, za ta bi waya ta fita har falwaya. Can kuwa wataƙila akwai ma'aikaci a sama, an tabbatar masa layi a kashe yake, ya miƙa hannu. Magidanci ne, yana da iyali. In kuma aka dawo da wuta kafin a zare, inbatar ce za ta ƙone, wani lokaci har da shagon.

Shi ya sa ƙa'ida ta farko ita ce makunnin sauya layi, wanda masu gyaran wuta ke kira canjoba. Ko wutar layi, ko ta sola. Kada su taɓa gamuwa a cikin akwatin rabon wuta. A sake ji: ko wannan, ko waccan.

Dokar a rubuce take. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin haɗa wuta a 2015, hukumar NEMSA ce ke duba aiki da ba masu haɗa wuta shaidar ƙwarewa, layin Zamfara kuma yana hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna. 

Ga wani lissafi da ya ba ni mamaki. Kayan da ke jan wat 1000, a wutar gida mai bolt 230, amfiya huɗu da 'yan kai suke sha. Wannan nauyin dai a batir mai bolt 12 ya haura amfiya 80. Ka ga siririyar wayar da ta isa ƙwan ɗaki, in aka sa ta tsakanin batir da inbata, zafi za ta yi har robarta ta narke. Can kakkaurar waya ake so, da fis kusa da kan batir, da bireka irin ta batir, domin ta gida ba ta iya kashe tartsatsinsa. Sai sandar tagulla a kafa a ƙasa, a ɗaure mata waya daga jikin inbata da ƙarfen faifan.

To, batir ɗin kansa. A nan ne Yargalma ta shigo. A 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan Yargalma da Dareta, bayan jijjiga da suma. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu a yankin. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Ƙauyen Bagega kuwa bai samu nasa aikin ba sai 2013. Allah ya jiƙansu, ya ba iyaye haƙuri.

Wannan dalmar ita ce fiye da rabin nauyin batir mai ruwa da muke sa wa sola. A unguwar Thiaroye kusa da Dakar, a Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura a unguwa. Dalma ɗaya ce, ko daga dutse ta fito ko daga batir.

 A ajiye batir inda iska ke shiga, nesa da wuta, ba a ɗakin kwana ba. In ya mutu, kada a fasa shi a gida, kada yara su yi wasa da shi. A mayar wa dillalin da aka saya a wajensa. Iyaye mata, ku kuke tsakar gida, don Allah ku sa ido. Mai shago kuma, a yau ɗin nan ka nemi ƙwararre ya sa maka canjoba.