Injin Da Ke Shan Mai: Wane Baƙin Mai Ya Dace Da Hanyar Isa Da Sabon Birni?

A tashoshin mota na Isa da Sabon Birni, da wuya direban tsohuwar mota ya kama hanya ba tare da galan ɗin baƙin mai a bayan kujera ba, saboda ciko. Haka abin yake ga 'yan kabu-kabu da manoman rani masu injin ban ruwa a fadamun Gulbin Rima. Tun bayan janye tallafin fetur da faɗuwar darajar Naira a 2023, kayan gyara suka yi tsada, mutane da yawa suka shiga jinkirta sauke inji, suna neman man da zai riƙe musu shi. A yankin da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru kuwa, motar da injinta ya buga a daji da la'asar sakaliya ta jefa rayukan fasinja cikin haɗari.

Abin da aka fi ba mai irin wannan inji shawara shi ne ya koma wa mai mai kauri. Shawarar tana da tushe. Idan zobban fistan suka cinye, mai yakan sulale ta gefensu ya shiga inda fetur ke ƙonewa, kuma mai kauri ba ya saurin bi ta wannan kafa. Lambobin da ke jikin galan su ne ke nuna kaurin. A 20W-50, lambar farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu kuwa kaurinsa ne idan ya yi zafin digiri 100. Saboda haka a ƙasar Gobir, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, tsohuwar motar da ke shan 15W-40 tana iya samun sauƙi idan aka koma wa 20W-50.

Amma fa mataki ɗaya ake hawa, kuma sai littafin motar ya yarda da shi. Sababbin injuna da aka ƙera domin 5W-30 hanyoyin mansu ƙanana ne. Idan aka ɗura musu mai kauri, da asubar hunturu sai ya yi jinkirin isa saman inji, ƙarafa su yi ta gogar juna a bushe. Mai babur kuma ya nemi wanda aka rubuta wa JASO MA, domin kulocin yawancin babura cikin man yake wanka, wani man mota kuwa yakan sa shi santsi.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a bari, watau gauraya baƙin mai da man giya mai lamba 90, wai don ya ƙara kauri. Ma'aunin man giya daban yake. Lamba 90 ɗinsa ba ta wuce kaurin baƙin mai mai lamba 40 ko 50 ba, ga shi kuma ba a sa masa magungunan wanke dattin ƙuna ba. Haka nan man da ake aunawa a kwalabe a bakin titi. Wani ƙonanne ne aka tace, wani kuwa tsurar mai ne da ba a zuba wa magunguna ba, irin wanda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta sha gargaɗi a kansa. Ido ba ya bambanta su da na kirki. Galan mai hatimi, wanda aka rubuta wa ajin API, harafin S domin fetur, C domin gas, shi ne abin dogara.

Duk da haka babu man da zai mayar da ƙarfen da ya cinye. Kafin a sayi mai, a duba inda yake tafiya. In da safe an ga tabo a ƙarƙashin mota, yoyo ne, gyaransa ba shi da tsada. In hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito daga salansa lokacin tayar da mota sannan ya ɗauke, galibi robobin bawul ne suka bushe. In kuwa yana ƙaruwa idan an taka mota ko an yi lodi, to zobba ne, sai bakanike ya sauke inji. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, ba ruwan mai a ciki.

Babban abin da ke cinye zobba a wannan yanki shi ne ƙura. Rairayin hanyoyin ƙauyuka da hazon hunturu, in suka sami matacin iska a yage, kamar dutsen wasa suke zama a cikin inji. Matacin kuwa kuɗinsa bai kai na galan ɗaya ba.

Wanda ke son sanin halin da injinsa ke ciki, ya tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe da safe kafin ya tayar da ita, ya cika mai daidai layin sama na geji kada ya wuce, ya rubuta lambar kilomita. A motoci da yawa, tsakanin layin sama da na ƙasa kimanin lita ɗaya ce. In man ya sauka zuwa layin ƙasa kafin a yi kilomita 1,000, lokacin ganin bakanike ya yi.