Kafin Ka Sauke Inji Ka Ɗora Wani

A wannan fitowa za mu ɗan aje farashin buhu gefe guda, mu yi magana kan abin da ke ɗaukar buhun, watau mota, musamman tsohuwa wadda injinta ya gaji.

Ga abin da ya kawo maganar. A ranin da ya wuce wani abokin cinikinmu mai J5 injinsa ya buga. Ya samu wani da araha, aka ɗora masa cikin kwana biyu, bai sake lagireto ba, bai taɓa komi ba ban da injin. Fitarsa ta farko ya yi lodin tumatir da tattasai daga fadama, kayan mutum huɗu. Tsakanin Ambursa da Argungu ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone, mota ta kwana biyu a bakin titi. Da aka juye kwandunan cikin wata mota, rabi ya zama na zubarwa. An yi ta kai ruwa rana kan wanda zai ɗauki hasara, kuma har yau zumuncin bai koma yadda yake ba. Araha ba ta ado. Kuɗin inji daban, kuɗin sauya inji daban, kuma duk wanda bai raba biyun nan ba zai yi lissafi sau biyu.

ASALIN MOTOCIN NAN

Kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa ta Kaduna a 1975, daga nan 504 da a-kori-kura suka cika ƙasar nan, har ya zama ba garejin da ba a san cikinsu ba. Bayan 1986, da darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, sai aka koma ga na hannu daga Turai, ta Kwatano da Ikko, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam. Ta wannan hanya mafi yawan J5 ɗinmu suka zo.

Ita J5 an fara ƙera ta a 1981 a ƙasar Italiya, tare da 'yan uwanta biyu, Fiat Ducato da Citroën C25. A can Turai da yawa daga cikinsu gida ake ginawa a bayansu, da gado da murhu da wurin wanka, iyali su yi yawon hutu a ciki. Mu kuwa albasar Aliero da shinkafar Argungu muke ɗora mata. A 1994 Boxer ta gaje ta. To, a lura da wannan: duk injin J5 na asali da za a nuna maka yau a shago, ko an wanke shi yana ƙyalli, ya haura shekara 30 a duniya. Kalmar “Beljiyam” ba ta mai da tsoho yaro.

HANYA UKU

In inji ya gaji, hanya uku ce gaban mai mota.

Ta farko, a buɗe shi a gyara: a sa ringi da metal da gasket, a kai karanshaf a goge. In bulok bai tsage ba, wannan ta fi sauƙin kuɗi, kuma ka san abin da ke cikin kayanka. Aibinta, mota za ta yi kwanaki a gareji, kuma in an sa jabun kaya an yi aikin banza.

Ta biyu, a sayo irinsa sak a ɗora. Kujerar inji ɗaya, giyabos ɗaya, wayoyi ɗaya. Ga mai neman komawa titi da wuri, ita ce mafi kwanciyar hankali.

Ta uku, a ɗauko injin wata mota dabam a dasa. Nan ne riba take, nan ne kuma rami yake. Misali, injin fetur mai lita 2 na J5 dangi ɗaya ne da na 504, amma zamansu ba ɗaya ba ne. Na 504 a miƙe yake, yana tura ƙafafun baya. Na J5 a gicciye yake, yana jan ƙafafun gaba. Don haka ba a sauke wancan a jefa nan haka kawai, sai an sauya kayan jikinsa da dama. In kuwa injin Japan ne za a haɗa da giyabos ɗin Faransa, sai an yi ƙira da walda, kuma in tsakiyarsu ta kauce ko da kaɗan ne, kuloci ne zai riƙa mutuwa wata bayan wata, mai mota yana zagin direba alhali ba laifinsa.

FETUR KO GAS

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, tambayar da ake yawan yi mana ita ce ko a koma injin gas. Gaskiya ne injin gas ya fi tsimin mai a kowane mil, ya kuma fi jan kaya a hawa. J5 ma tana da nata na asali mai lita 2.5. Amma ku ji abin da ke biyo bayansa. Ya fi nauyi, sifirin gaba zai ji a jikinsa. Yana son babban batir da sitata mai ƙarfi. Sai an wanke tanki, an ja bututun da ke mai da ragowar mai. Ba ya juyi da sauri kamar na fetur, saboda haka in an bar masa giyabos ɗin fetur, mota za ta yi ta kuka a titi ba gudu.

Abin da ya fi duka haɗari shi ne birki. Injin fetur shi da kansa yake zuƙo iskar da ke tausasa birki. Na gas ba ya yin haka, sai da ɗan famfo na musamman. In aka manta da famfon nan, ko aka sa matacce, direba zai taka birki ya ji kamar dutse ya taka, ga buhu 30 a bayansa, ga kasuwa ta ci a bakin hanya. Wannan ya wuce maganar dukiya, rayukan mutane ne.

Masu sha'awar injin zamani kuma su sani, shi ba kafireto gare shi ba, kwamfuta ce ke raba masa mai. Sai a saye shi da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa da makullinsa gaba ɗaya. In an baro ɗaya a shago, ƙarfe ne kawai aka sayo.

A WAJEN SAYE

Ko Ƙofar Ruwa ta Kano za ka, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Ikko, tafi da bakanikenka, ba na mai shago ba. Ku buɗe murfin baƙin mai: in kun ga fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. Ku juya karanshaf da sifana ku ji ko yana zagayawa sumul. A kwance kwanon ƙasa a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. In da hali a tayar da shi a gabanku. Shuɗin hayaƙi alamar shan baƙin mai ce. Sannan a rubuta kwanakin gwaji a kan rasit, da sharaɗin canji in ya ƙi. Alkawarin baki ba ya ƙetare gadar Jega.

Kada a manta injin nan daga ƙasar sanyi ya fito, zai kuma yi aiki a Kabi, inda zafin Afirilu ke haura 40. A wanke lagireto ko a sake shi, a tabbata fanka na tashi, a sa sabbin robobin ruwa da sabon bel. Abin da abokinmu ya ƙi kashewa nan ke nan, ya biya shi da tumatir.

Farashin inji kuwa ba mu buga shi nan ba, domin yana bin dala da sefa, na wannan mako ba shi ne na makon gobe ba. Amma ga yadda ake lissafin: kuɗin inji, da na ɗauko shi, da la'ada, da aikin bakanike, da na mai walda, da na mai waya, da kuloci, da mai da tace, sannan kwanakin da mota za ta zauna ba ta kawo ko kwabo. In jimillar ta kusa kai darajar motar, a sake shawara. In shasi ya ci tsatsa ko ya taɓa karyewa, sabon inji sauri kawai zai ƙara wa ajalinta. Tsugune ba ta ƙare ba, an sai da kare an sayi biri.

TAKARDA DA AMANA

Kowane inji da lambarsa, kuma tana cikin takardun mota. In an sauya, a riƙe rasit mai ɗauke da sabuwar lamba da sunan shago, a je ofishin lasin a gyara takarda. Wanda bai yi haka ba zai sha tsayuwa a shingen hanya, kuma in injin na sata ne, a hannunsa za a kama.

Ku kuma 'yan uwanmu dillalan mota, in an dasa wa mota baƙon inji, ku faɗa tun kafin a yi tayi. Ɓoye aibi yana warware ciniki, yana kuma kashe sunan dillali, alhali suna shi ne jarinsa. Ku masu ba da kaya, kafin ku loda wa motar da ba ta daɗe da fitowa daga gareji ba, ku tambaya ko ta yi ƙaramar tafiya an gwada ta. A fara da Birnin Kabi zuwa Argungu da rabin lodi, a duba ruwa da birki, kafin a nufi Sakkwato ko Kamba da kayan mutane.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.