Mai Sa Ido a Kan Aikin Gwamnati

Tsakanin Ma'aikatar Ayyuka da ke Bauchi da ɗan kwangilar da ke haƙa rami a Azare akwai mutum guda wanda jama'a ba su cika sanin sunansa ba. Ba shi ya zana taswirar ginin ba, ba kuma shi ya ci kwangilar ba. Shi ne jami'in da gwamnati ta tura ya tsaya a kan aikin, ya tabbatar abin da aka rubuta a takarda shi ake zubawa a ƙasa. A manyan ayyuka injiniya ne mazaunin wurin, tare da mataimaka. A ƙanana, kamar ajujuwan firamare ko kwalbatin cikin unguwa, jami'in fasaha ne daga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma.

Kada a haɗa shi da foman. Foman yaron ɗan kwangila ne, shi ke raba wa birkiloli da kafintoci da leburori aiki, burinsa a gama da wuri a kan kuɗi kaɗan. Mai sa ido kuwa wakilin mai kuɗin ne, wato jama'a, shi ya sa ba kullum ake raha tsakaninsu ba.

Azare wuri ne da ke buƙatar irin waɗannan jami'ai da yawa. Tun da aka mayar da fadar Sarkin Katagum can a 1916 garin ke bunƙasa. Yau akwai babban asibitin tarayya, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga jami'ar jiha a Gadau nan kusa, ga kuma babban titin Kano zuwa Maiduguri. Kowane aiki da uban gidansa: titin tarayya yana ƙarƙashin Kwanturolan Ayyuka na Tarayya da ke jihar, ajujuwan firamare na Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ne, manyan makarantu kuma suna da sassan ayyuka nasu.

Babban abin da ke sa aikin wuya shi ne yawancin ingancin gini ɓoyayye ne. Da zarar an zuba kankare, ba mai sake ganin rodin da ke ciki. Da zarar an shimfiɗa kwalta, ba mai sanin ko an daddaɓe ƙasar da ke ƙarƙashi. Saboda haka ƙa'ida ita ce ba a rufe wani mataki sai jami'in ya gani ya amince. Kafin a zuba harsashi zai auna zurfin rami. Kafin a zuba linta ko dakin zai ƙirga rodi, ya duba kaurinsa da tazararsa, ya tabbatar an ɗaga shi daga katako domin kankare ya lulluɓe shi, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi a hankali.

Sai batun kwaɓi, inda aka fi yin ha'inci. Buhun siminti kilo 50 ne. Idan takarda ta ce 1:2:4, ana nufin awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ƙara kwanon sarki ɗaya ko biyu na yashi a kowane buhu ba ya nunawa a ido, amma a babban gini riba ce mai tsoka. Leburori kuma suna son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin juyawa, alhali yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare. Don haka ake ɗibar samfuri a zuba cikin 'yan akwatuna masu faɗin milimita 150, a kai ɗakin gwaji a matse su da na'ura bayan kwana 7 da kwana 28. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da awon zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, sabon kankare yana bushewa kafin ya nuna. Dole a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma wannan ne aikin da ake saurin watsarwa idan jami'in ya juya baya, tunda tankar ruwa kuɗi ce.

Ƙasar Katagum tana da nata hali. Shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi, kuma kogin Jama'are yana cika ya tumbatsa a damina. A irin wannan wuri ruwa ne babban abokin gabar titi. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke wani sashe na titin Kano zuwa Maiduguri a Ƙaramar Hukumar Katagum, matafiya suka koma zagaye. Jami'in da ya san yankin yakan fi ba kwalbati da magudana lokaci a kan saman kwalta, kuma yana da kyau ya tambayi dattawan ƙauye inda ruwa ya saba bi, domin safiyon da aka yi da rani ba ya nuna komai game da watan Agusta.

Ƙarfin jami'in na gaske yana cikin alƙalaminsa. Yana riƙe da littafin wurin aiki, inda yake rubuta abin da aka yi kowace rana, da kayan da aka kawo, da umarnin da ya bayar. Ba a biyan ɗan kwangila sai an auna aikin da ya yi an ba da takardar shaida. Yana iya ƙin karɓar bulo marar ƙwari, yana iya cewa a rushe a sake. Nan ne matsin lamba ke shigowa: wani ya zo da goro, wani ya buga waya ga na sama. A ganina, jami'in da ɗan kwangila ke saya wa mai don ya zo duba aiki an riga an ɗaure masa hannu, kuma laifin na hukumar da ta tura shi ba abin hawa ne. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta gyara yadda ake ba da kwangilar tarayya, amma doka ba ta ƙirga rodi.

To, wa ya cancanci wannan aiki? Hanyoyi uku ne. Akwai mai digiri a injiniyancin gine-gine da hanyoyi ko fasahar gini, kamar daga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, karatun shekara biyar, sannan bautar ƙasa. Akwai mai difloma daga kwalejin fasaha, irin ta tarayya da ke Bauchi ko ta Abubakar Tatari Ali: shekara biyu don ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta koyon aiki, wasu biyu don babbar difloma. Sannan akwai wanda ya taso daga sana'ar hannu, ya ci jarrabawar gwajin sana'a, ya hau mataki-mataki. Masu digiri galibi kan fara a mataki na 8 na albashin gwamnati.

Takardar makaranta kaɗai ba ta ba mutum ikon sa hannu a matsayin ƙwararre. Injiniya sai ya yi rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970, magini kuma da CORBON, wadda aka kafa a 1989, duka bayan shekarun gogewa a ƙarƙashin wanda ya riga shi. Ban da wannan, dole ya iya karanta taswira da takardar ƙididdigar kaya, ya iya riƙe na'urar awon tudu da kwari, ya iya rubuta rahoto da Turanci, ya kuma iya fahimtar da birkila da Hausa dalilin da ya sa za a rushe layin da ya yini yana jerawa.

Ko an yanka zaren buɗe gini, aikin jami'in bai ƙare ba. Gwamnati kan riƙe wani kaso na kuɗin kwangila, sau da yawa kashi 5 cikin 100, na tsawon wata shida ko shekara guda. A wannan tsakanin jami'in zai koma ya duba tsagewar bango da yoyon rufi da zaizayar gefen titi, ya rubuta, ɗan kwangila ya gyara da kuɗinsa kafin a sakar masa ragowar.